Fanshon da ke jiran magada: yadda ake bin sawun haƙƙin mamacin da ya yi aiki a ƙasar waje

A watan Oktoban 2024, wata cibiyar nazarin harkokin fansho da ke Landan, Pensions Policy Institute, ta fitar da alƙaluman da suka ja hankali a Birtaniya: akwai asusun fansho miliyan 3.3 da kamfanonin da ke riƙe da su suka rasa inda masu su suke, kuma kuɗin da ke jibge a ciki ya kai fam biliyan 31.1. Idan aka raba daidai, kowane asusu zai tashi da kimanin fam 9,470. A 2018 asusun miliyan 1.6 ne, kuɗin kuma fam biliyan 19.4. Cikin shekara shida yawan asusun ya ninka.

Akasarin masu wannan dukiya suna raye, ƙaura kawai suka yi daga wannan gida zuwa wancan ba su sanar ba. Amma akwai waɗanda suka bar ƙasar gaba ɗaya, suka tafi Ostireliya ko Kanada ko Saudiyya, ko suka koma ƙasashensu na asali, ajali ya riske su a can. Su ne bin sawunsu ya fi wuya, domin mutum ɗaya tilo da ya san da kuɗin ya riga mu gidan gaskiya.

Batun bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 271,000 haifaffun Najeriya na zaune a Ingila da Wales. Kafin su an yi wasu: likitoci da ma'aikatan jinya a asibitocin gwamnati, malaman jami'a, 'yan jaridar da suka riƙa zuwa Landan tun da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da ɗaliban da suka gama karatu suka ɗan taɓa aiki kafin su dawo. Kowannensu na iya barin wani abu a baya. Bahaushe na cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma wannan rabon yana can cikin rumbun bayanan wani kamfani, kuma ba zai sauko da kansa ba sai magada sun nema.

Yadda kuɗi ke rabuwa da mai shi

Ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa ma'aikaci kan sauya aiki kusan sau 11 a rayuwarsa. Tun daga Oktoban 2012 doka ta fara tilasta wa masu ɗaukar aiki su saka ma'aikatansu cikin tsarin fansho kai tsaye, ko ma'aikacin ya nema ko bai nema ba, sai dai in shi ya ce a cire shi. Daga Afrilun 2019 mafi ƙarancin abin da ake zubawa kashi 8 cikin 100 ne na wani kaso na albashi, inda aƙalla kashi 3 ke fitowa daga aljihun mai kamfani. Saboda haka mai gadin kanti ko mai kula da tsofaffi da ya yi aiki a wurare huɗu yana iya mallakar asusu huɗu a kamfanoni huɗu, alhali shi kansa bai taɓa buɗe wasiƙarsu ba.

Igiyar da ta haɗa asusun da mai shi ita ce adireshi. Ranar da wasiƙar shekara ta dawo wa kamfani da tambarin cewa mutumin ya tashi, sai a sa masa alamar wanda aka rasa inda yake. Daga ɓangaren kamfanin ma abubuwa na sauyawa: a sayar da masana'anta, a haɗe kamfanonin inshora biyu, a canza suna, a miƙa kula da bayanan ma'aikata ga wani ofishi dabam. Bayan shekara 30, sunan da ke kan tsohuwar takardar albashi ba lallai ne a same shi a jikin kowane gini ba.

Mutuwa a waje takan ƙarasa tsinka igiyar. Idan mutum ya rasu a Birtaniya, akwai tsarin gwamnati mai suna Tell Us Once, wanda ke isar da labarin rasuwar ga hukumar haraji, ofishin fasfo, ma'aikatar fansho da wasu asusun ma'aikatan gwamnati a lokaci guda. Kamfanonin fansho kuma sukan tantance sunayen mutanensu da rajistar mace-mace ta ƙasar. Rasuwar da aka yi a Kano ko Damagaram, aka yi jana'iza kafin la'asar, ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. A wajen kamfanin mutumin yana raye, shiru ne kawai ya yi.

Wane irin fansho ne, me ya rage a ciki

Kafin a ɗora buri, ya kamata magada su san cewa fanshon wurin aiki iri biyu ne, kuma abin da mutuwa ke bari ya bambanta.

Na farko shi ne na karo-karo: ma'aikaci ya zuba, mai kamfani ya zuba, a juya kuɗin a kasuwar hannun jari. Wannan dukiya ce tsayayya. Duk abin da mamacin bai cira ba yana nan, ana iya biyan magada a dunƙule. Sai dai idan ya riga ya yi amfani da kuɗin ya sayi yarjejeniyar biyan wata-wata daga kamfanin inshora, kuma ta rayuwarsa ce shi kaɗai, to biyan ya tsaya da rasuwarsa, in ban da an sa wa'adin lamuni ko an haɗa da sunan matarsa.

Na biyu shi ne wanda ake lissafawa da albashi da shekarun aiki, irin na ma'aikatan lafiya, malaman makaranta, ƙananan hukumomi, da tsofaffin manyan kamfanoni. A nan babu wani tulin kuɗi da sunan mutum. Alkawari ne na biya har ƙarshen rayuwa. Abin da ke biyo bayan rasuwa shi ne fanshon matar mamaci, wanda galibi rabin na mijin ne, da na 'ya'yan da ba su kai munzali ba ko suke karatu, yawanci har zuwa shekara 23. Idan mutum bai bar mata ko ƙananan yara ba, 'yan'uwa da manyan 'ya'ya na iya tarar da cewa abin da ya rage kaɗan ne, ko ma babu.

Shekarun da aka yi aikin ma suna da tasiri. Wanda ya bar aiki kafin Afrilun 1975, akasari an mayar masa da abin da ya zuba, an rufe littafinsa. Daga 1975 zuwa 1988, sai wanda ya shekara biyar a tsarin ake ajiye wa fansho. Daga Afrilun 1988 aka rage zuwa shekara biyu. Don haka Baba da ya yi shekara uku a wata masana'anta a Birmingham cikin 1979 da wuya a ce ya bar komai, amma wanda ya yi irin waɗannan shekaru cikin 1992 akwai kyakkyawan zato.

Fanshon gwamnati na tsufa, wanda ake samu ta hanyar biyan inshorar ƙasa, shi kuma lissafinsa dabam. Sabon tsarin da ya fara a Afrilun 2016 yana buƙatar aƙalla shekara 10 na biya, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke wucewa ga matar mamaci. Ofishin da ke kula da mazauna waje shi ne International Pension Centre, kuma shi ake sanar wa idan mai karɓa ya rasu.

A fara daga akwatin mamaci

Bincike na farko a ɗakin marigayi ake yinsa. Abin da ya fi kowanne daraja shi ne lambar inshorar ƙasa: haruffa biyu, lambobi shida, sai harafi ɗaya a ƙarshe. Da ita kowane ofishi zai iya zaƙulo mutum ko da an rubuta sunansa ba daidai ba. Ana samunta a takardar albashi, a takardar P60 da ake bai wa ma'aikaci a ƙarshen shekarar haraji, ko P45 da ake ba shi ranar barin aiki.

Bayan ita sai duk abin da zai nuna inda ya yi aiki da lokacin: takardar ɗaukar aiki, katin shaida, tsohon fasfo mai tambarin shiga da fita, bayanan banki, takardar neman aiki da ya lissafa wuraren da ya zauna, ambulan ɗin wasiƙun da ya riƙa aikowa gida masu ɗauke da adireshinsa. Tsofaffin abokan zamansa ma taska ce. Sau da yawa su ne za su tuna cewa kafin asibitin Leeds ya fara aiki a Glasgow. Wannan bambancin yana da amfani, domin fanshon ma'aikatan lafiya na Ingila da Wales yana hannun NHS Business Services Authority, na Scotland kuma yana hannun wata hukuma dabam, SPPA.

Idan an sami sunan wurin aiki, mataki na gaba shi ne Pension Tracing Service, sashen gwamnati da ke aiki kyauta ta intanet, ta waya ko ta wasiƙa, da bayanan tsare-tsaren fansho sama da 200,000. A nan mutane da yawa kan yi kuskuren fahimta. Sashen ba ya faɗin ko mamaci yana da fansho, ba ya kuma faɗin nawa ne. Adireshin masu riƙe da asusun wannan kamfanin a yau kaɗai zai bayar. Rubuta musu, da bibiyar amsa, aikin magada ne.

Idan kamfanin ya ɓace, ofishin rajistar kamfanoni, Companies House, yana nuna tsofaffin sunaye da waɗanda aka rushe, shi ma kyauta. Idan karyewa ya yi, wannan ba ya nufin fanshon ya bi ruwa, domin doka ta raba kuɗin fansho da dukiyar kamfani. Tun Afrilun 2005 akwai asusun kariya, Pension Protection Fund, da ke karɓar tsare-tsaren kamfanonin da suka durƙushe yana biyan diyya, har da matan mamata. Shi ne kuma ke tafiyar da tallafin waɗanda asusunsu ya fara rushewa tsakanin 1997 da 2005. Hukumar haraji, HMRC, tana da nata tarihin: daga 1978 zuwa 2016 an bar ma'aikata su karkatar da wani ɓangare na inshorar ƙasa zuwa fanshon wurin aiki, kuma bayananta kan nuna asusun da kuɗin suka shiga.

Inda tafiya ke tsayawa: takardun gida

Samun asusun rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gamsar da mutumin da ke zaune a wani ofishi a Ingila, wanda bai taɓa jin sunan garinku ba, cewa mamacin shi ne nasu, ya rasu, kuma ku ne iyalinsa.

Za su nemi takardar shaidar mutuwa. A Najeriya hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke da hurumin rajistar mutuwa. Takardar asibiti tana taimakawa wajen samunta, amma ba ta maye gurbinta. A Nijar ofishin magajin gari ne ke bayarwa, kuma tunda da Faransanci take, sai an kai wa tafinta mai lasisi. Wasu asusun kan buƙaci a kai takardun ma'aikatar harkokin waje a buga musu hatimi.

Sai batun suna da ranar haihuwa. Mutumin da fasfonsa ya ce Mohammed, takardar mutuwarsa ta ce Muhammadu, 'yan gida kuma suka san shi da Mamman, mutum uku ne a idon kwamfuta. Wani a Landan sunan garinsu ya sa a matsayin sunan iyali, a gida kuma sunan mahaifinsa ake haɗa masa. Ranar haihuwa ma sau da yawa ta takardar rantsuwar shekaru ce, kuma ba lallai ta dace da ta fasfon farko ba. Maganin wannan shi ne rantsuwa a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, haɗe da kwafin tsohon fasfo. Ya fi sauƙi tun farko a tabbatar an rubuta takardar mutuwa da sunan da ke fasfo, harafi da harafi.

Aure ne ya fi sarƙaƙiya. Dokar Ingila kan amince da auren da aka ɗaura bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, don haka auren Musulunci da aka yi a Zariya aure ne, amma sai an kawo shaida a rubuce. Mata da yawa sun yi shekara 40 a ɗakin miji ba su taɓa riƙe takardar aure ba, sai bayan sun fita takaba a fara neman waliyyi da shaidun da suka rage a raye don kotun shari'a ta tabbatar. Auren kuma da aka ɗaura a masallaci ko a gida a cikin Ingila ba tare da rajista ba, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta yanke a 2020, a shari'ar Akhter da Khan, cewa ba aure ba ne a gaban doka. Idan mamaci ya bar mace fiye da ɗaya, ko ɗaya a can ɗaya a nan, ƙa'idojin kowane asusu ne za su yi hukunci. Abin da ya fi aminci shi ne a bayyana kowa tun a wasiƙar farko. Ɓoye kishiya ko 'ya'yanta zalunci ne, kuma ranar da ta fito fili za a iya neman a mayar da abin da aka biya.

Wa ke da haƙƙi

Abin da ke ba magada mamaki shi ne, a Birtaniya yawancin kuɗin fansho ba sa bin wasiyya, ba sa kuma shiga cikin dukiyar da kotu ke bai wa wani izinin rabawa. Amintattun asusun ne ke zaɓar wanda za a biya. Sukan duba fom ɗin da ma'aikaci ya cike yana ambaton wanda yake so a bai wa, amma ba dole ne su bi shi ba. Suna kuma duba waɗanda yake ciyarwa. Fom ɗin da saurayi ya cike a 1990 da sunan yayansa ko tsohuwar matarsa yana nan yadda ya bar shi. Don haka iyalin da suka dogara da shi su kawo hujja: rasit ɗin kuɗin makaranta, shaidar aiken kuɗi, takardun haihuwar yara.

Ga iyalin Musulmi, bayan kuɗin ya iso sai wata tambaya ta taso: gado ne ko ba gado ba? Malamai kan bambanta tsakanin abin da mamaci ya mallaka da guminsa, kamar abin da aka yanka daga albashinsa aka tara masa, da abin da hukuma ta ware wa wasu mutane takamaimai bayan rasuwarsa, kamar fanshon wata-wata na matarsa da marayunsa. Na farkon ana ganinsa cikin abin da ya bari, a biya bashi, a zartar da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Na biyun da yawa na ganin na waɗanda aka ambata ne. Wanda aka biya a dunƙule da sunansa bai kamata ya ɗauka nasa ne kawai don sunansa ne a fom ba. A kai takardun asusun gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin rabon gado, a yi masa bayanin asalin kowane kuɗi, kafin a taɓa ko sisi.

Lokaci, haraji da 'yan damfara

Haƙƙin ba ya ruɓewa da sauri, amma jinkiri na da tsada. Idan mutum ya rasu bai kai shekara 75 ba, kuɗin karo-karo kan fita ba haraji muddin an biya cikin shekara biyu daga ranar da asusun ya sami labarin rasuwar. Idan ya kai 75, ko aka wuce wa'adin, za a yanki haraji. Ke nan da zarar an sanar, agogo ya fara, kuma bai kamata a shekara ana neman takarda ɗaya ba. Wasu asusun kuma ƙa'idarsu ta ba su damar ƙin biyan bashin watannin da suka wuce shekara shida ba a nema ba. Gwamnatin Birtaniya ta kuma sanar a kasafin kuɗin Oktoban 2024 cewa daga Afrilun 2027 ragowar fansho zai shiga lissafin harajin gado, ko da yake harajin kan fara ne daga dukiyar da ta haura fam 325,000.

Idan mamaci yana karɓar fansho kafin rasuwarsa, a sanar nan take. Kuɗin da ya ci gaba da shiga bankinsa bayan ranar rasuwa ba na magada ba ne. Za a bi su bashinsa, kuma cirewa da katinsa laifi ne.

Sashen bin sawun fansho da masu riƙe da asusun ba sa karɓar ko kwabo don sakin haƙƙi. Wanda ya bugo waya ko ya aiko saƙo cewa an gano fanshon ɗan'uwanku, a biya kafin alƙalami don a saki kuɗin, ɗan damfara ne. Birtaniya ma ta haramta kiran mutane haka kawai kan batun fansho tun Janairun 2019. Idan asusu ya yi ta jan ƙafa, ko ya yanke hukuncin da ba a gamsu da shi ba, a fara shigar da ƙorafi a wajensa a rubuce, sannan a wuce ofishin Pensions Ombudsman, wanda shi ma kyauta ne, galibi cikin shekara uku.

Faransa, Saudiyya, da abin da aka bari a gida

Ga mutanen Nijar, Kamaru da Chadi, hanyar ta fi bi ta Faransa. Can matar mamaci na iya samun kashi 54 cikin 100 na fanshon asali daga shekara 55, gwargwadon abin da take samu, da kashi 60 na ƙarin fanshon Agirc-Arrco, wanda ke tsayawa idan ta sake aure. Ba a biyan ko ɗaya sai an nema. Dokar Eckert ta 2014 ta sa ana miƙa asusun banki da na inshorar rayuwa da aka manta ga hukumar ajiya ta gwamnati, Caisse des Dépôts, ana neman su kyauta a shafin Ciclade, amma bayan shekara 30 sun zama na gwamnati.

A Saudiyya baƙi ba sa cikin fanshon tsufa. Abin da dokar ƙwadago ta ba su shi ne sallamar ƙarshen aiki: rabin albashin wata kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan. Idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, wannan na magada ne.

Matsalar kuma tana juyowa. Dubban ma'aikatan da suka bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan sun bar asusun ritaya a baya, wanda ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Idan irin wannan ya rasu a Manchester ko Riyadh, kuɗin na nan a hannun kamfanin da ke juya fanshonsa ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Sunan makusanci da ya rubuta a fom bai wadatar ba. Za a nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Waɗanda suka yi aiki a kamfanoni kafin 2004 kuma, abin da suka tara a asusun NSITF an miƙa shi ga Trustfund Pensions. Tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD.

Birtaniya na gina wani dandali da zai nuna wa mutum duk fanshonsa wuri ɗaya, an kuma bai wa asusun wa'adin 31 ga Oktoban 2026 su haɗu da shi. Amma na rayayye ne ya duba nasa, ba na magada ba. Abin da zai rage wa marayu wahala yana hannun mai aikin tun yana da rai: ya sanar da kowane asusu sabon adireshinsa kafin ya bar ƙasa, ya sabunta sunayen da ke fom duk lokacin da ya yi aure, ya rabu ko ya haihu, ya yi wa aurensa takarda, sannan ya rubuta a shafi ɗaya wuraren da ya yi aiki, shekarun, lambar inshorarsa da lambobin asusunsa, ya bai wa mutum biyu da ya yarda da su. Mutanenmu sun saba rubuta wanda ke binsu bashi da wanda suke bi, saboda tsoron haƙƙi. Fansho ma bashi ne da ake bin wani kamfani, kuma ya cancanci shiga wannan littafin.